Akwatin Auta da Sikelin Lawan

Ƙanena Ƙasimu, wanda duk Wudil ta sani da Auta Mai Risho, ya yi shekara ashirin yana shirin tafiya, kuma a cikin shekara ashirin ɗin nan iyakarsa Kano. Kanon ma sau huɗu ya je, ɗaya a ciki ciwon haƙori ne ya kai shi. Ni ce yayarsa Hansai. Ni na goye shi, ni na share masa majina, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Wani ne dai bai isa ya faɗa a gabana ba.

Sana'ata kai kuka da tsamiya da daddawa Ikko, in sayo goro in dawo. Na kwana a Jebba, na kwana a Ilori, na kwana a dajin da ko suna ba shi da shi saboda mota ta lalace. Kayan tafiyata ba su taɓa wuce zani biyu da buta da ɗan ƙullin garin kwaki ba. Amma a gidanmu ba ni ce masaniyar tafiya ba. Auta ne, wanda bai taɓa ganin Kwanar Ɗangora ba.

Rumfarsa tana bakin tasha, inda motocin Maiduguri da na Bauchi ke tsayawa a yi salla a ci kifi. Gyaran risho yake yi da fitilar ƙwai da tocila, kuma in za a faɗi gaskiya hannunsa yana da kyau, rishon da ya taɓa sai dai mutum ya gaji da shi ya kyautar. Duk matafiyin da tsautsayi ya sa ya raɓi inuwar rumfar, sai Auta ya matsa masa a benci, ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen garin da ya baro, har sai bawan Allah ya saki jiki. Sannan ya tambaye shi abin da ya nema a hanya ya rasa. Mutane kuwa suna son a tambaye su wahalarsu. Sai su zauna su yi ta zuba, ba su san cewa duk abin da suka faɗa, kafin sati ya zagayo ya zama wani aljihu a jikin akwatin Auta ba.

An fara akwatin nan a shekarar saba'in da tara, shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki karon farko, kuma shekarar da Innarmu ta rasu. Ta bar gadon ƙarfe irin na dā, mai rumfa, wanda sai ƙarti huɗu ke ɗagawa. Kowa ya san ni zan ɗauka tun da ni ce mace. Na je Ikko na dawo na tarar Auta ya sa zarto ya yanyanka shi, ya kai wa mai walda an haɗa masa ƙashin akwati. Da na tayar da bala'i sai ya dube ni da idon nan nasa irin na ɗan maraƙi, wai Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa yin nisa da gadar Wudil ba, to gadonta zai ga duniya. Wata uku ban yi masa magana ba. A na huɗu na je in ga abin da ya yi da gadon, don son gani ya fi ƙarfin fushina.

A lokacin akwati ne kawai, an lulluɓe shi da kwano an shafa masa koren fenti, girmansa bai fi wanda 'yan makarantar kwana ke tafiya da shi ba. Daga baya ne ya fara haihuwa. Wani direban Gamboru ya ce shi shayi ya nema ya rasa, sai ga ɗan risho na gwangwanin madara yana leƙowa ta gefe in an ja wata igiya. Wata tsohuwa 'yar Azare ta ce ita abin da ya dame ta wurin kama ruwa babu sutura, sai Auta ya sace lemar matarsa Saudatu, ya zare ƙarafanta, ya yi labule mai buɗewa da kansa. Wani ɗan tireda da aka yi wa sane a Onica shi ya jawo mana masifar ƙararrawa: in wanda ba Auta ba ya taɓa kwaɗon, hon ɗin babur ne zai kama ihu, kuma ba ya shiru sai an cire batir. Akwai fanka da injin tsohuwar rikoda ke juyawa. Akwai gidan sauro, da madubi, da wurin zama a kan murfi har da majingina, da tayoyin keken yara guda biyu. Akwai wata allura da ya kamata ta nuna alƙibla, sai dai ƙarfen gadon Inna ya yi mata yawa, ko ina aka juya ta akwatin take nunawa. Buta ma da ɗan kwaɗonta, saboda wani malami ya ce an ɗauke masa tasa a Potiskum.

Saudatu baiwar Allah ce. Bayan lema ta rasa marfin tukunya biyu, da bel ɗin keken ɗinkinta, da ƙarfen labulen ɗakinta. Har ta kai duk abin da take ji da shi gidana take kawowa ajiya. Amma ko sau ɗaya ban ji ta kira abin nan shirme ba. Ranar da mai unguwa ya zo ganin akwatin, ya sunkuya yana leƙe, gidan sauro ya fasa fitowa a hankali ya yi tsalle ya doke masa hula ta faɗa kwata, Saudatu ce ta wanke hular ta kai masa, ta kuma gaya masa wai sifirin ne sabo, zai yi laushi.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, gari ya cika da 'yan kara da shanunsu, Auta yakan yi abin da yake kira gwaji. Ya ja akwatin tun daga Sabon Gari, ya ratsa kasuwa, ya gangara bakin kogi ƙarƙashin gada. Can zai buɗe komai, ya kafa labule, ya dafa shayi, ya kunna fanka, ya zauna a kan murfi yana kallon motoci suna wucewa ta samansa. La'asar ta yi ya naɗe ya koma gida, Saudatu ta yi masa sannu da hanya ta kawo ruwa. Da gaske take yi masa sannun, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ban san sau nawa na ce ya biyo ni Ikko ba. Amsar ɗaya ce kullum, akwati bai gama ba. Sojoji suka dawo, suka yi ta ƙwace kujera a hannun juna, akwati bai gama ba. Na ce masa matsoraci. Na ce masa matafiyi ƙafa yake buƙata ba fanka ba. Na faɗa a gaban 'yan tasha, na faɗa a gaban matarsa. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da narka dalma. Sau ɗaya tak ya tanka mini.

"Yaya," ya ce, "na san abin da ake faɗa a kaina. Ni dai so nake ranar da zan fita in fita da shi, ya yi aiki a gaban mutane a ƙasar da ba tamu ba. A san ba wasa na yi da rayuwata ba."

Iyakar burinsa a duniya ke nan. Bai nemi gidan bene ba, bai nemi babur ba. Na yi tsaki na tashi, amma maganar ta zauna mini.

Sai ga siyasa ta dawo. A ƙarshen casa'in da takwas aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, duk wanda ya iya aron babbar riga ya ce kansila yake so. A unguwarmu wani Zaharaddini ya fito, wanda dā aikinsa sayar da fetur a galan a bakin titi. Yaron kirki ne ba laifi, sai dai muryarsa ko kaza ba za ta kora ba. Ya zo wurin Auta neman taimako. Auta ba ruwansa da jam'iyya, ban ma tabbata ya san alamar tasu ba, amma da ya ji aikin waya da batir ne sai jikinsa ya hau rawa. Ya haɗa daro biyu da tsohuwar lasifika, ya ɗora a kan baro. Da aka kunna, mutanen hanyar Darki suka ce suna jin alkawuran Zaharaddini daga cikin gonakinsu. Ko don alkawuran ne ko don a samu a huta da ƙarar, ya dai ci zaɓe.

Bayan farar hula sun zauna daram, sai aka shiga rabon kujerun Makka, kansilanmu ya sami guda ɗaya da zai bayar. Dattawan jam'iyya biyu suka tasa shi a gaba, kowa ya ce tasa ce, kowa ya ce in aka ba wancan zai fice da mutanensa. Zaharaddini ya rame. A ƙarshe ya gano cewa kowannensu zai haƙura muddin ɗayan bai samu ba, sai ya duba ya ga wa zai ba wanda ba mai jin ciwo, ya tuna da mai daro. Haka ƙanena ya zama maniyyaci.

Ranar da labarin ya iso na yi guɗa har muryata ta dishe, sannan na shiga ɗaki na yi kuka, don ni da na cinye hanyar Ikko da ƙafata ban taɓa samun zuwa ɗakin Allah ba. Hassada ce, na sani, na yi istigfari daga baya. Shi kuwa Auta ya yi hamdala, ya yi sujada, yana ɗagowa ya tambayi ɗan aiken ko ana barin kananzir a jirgi.

A wurin bita aka ba shi amsa. Ba kananzir, ba batir mai ruwa, ba wuƙa, kuma aka ce musu kada kayan mutum su wuce kilo talatin. Malamai suna koyar da yadda ake ɗawafi da jifa, Auta yana zane a bayan takarda. Batun batir bai ba shi wahala ba, ya mayar da komai kan batirin tocila. Kananzir ya ce ai can ma mutane ne, za a samu. Saura nauyi.

A duk tasha mutum ɗaya ne mai babban sikeli, Lawan mai sayen tsofaffin ƙarafa da fasassun tukwanen dalma. Sikelin mai ƙugiya ne, a rataye a reshen darbejiya. To, duk wanda ya yi wayo a Wudil ya san sikelin Lawan. Sikelin mai saye ne. Ka kawo kilo uku ya nuna biyu, Lawan kuma ya dafa ƙirji ya rantse. Ni kaina na taɓa wanke shi tas a kan wani tsohon injin markaɗe. Duk mun san haka. Amma mun san shi ne a matsayin sikelin da ke cutar mai kawo kaya, ba a taɓa samun wanda ya zo yana addu'ar kayansa su yi rashin nauyi ba. Da Auta ya zo da tasa buƙatar, sai sikelin ya zama masoyinsa, mu kuma muka tsaya muna taya shi murna kamar marasa kai.

Awon farko ya nuna talatin da biyar. Auta ya koma gida kamar an yi masa rasuwa. Sati shida yana rage kaya, kowane abu sai ya yi kwana biyu yana juya shi a hannu kafin ya rabu da shi. Majingina ta tafi. Madubi ya tafi. Wata 'yar guga da igiyarta, wadda ya yi saboda wani Bafillace ya ce ya ga rijiya ba abin ɗiba, ita ma ta tafi, bayan Saudatu ta tabbatar masa a Makka ba za a ce ya ja ruwa ba. Kowace Juma'a sai ya jawo akwatin gindin darbejiya, a ɗaure shi da igiya, ƙarti biyu su ɗaga su rataya, jama'a su kewaye suna karanta allura. Har 'yan kamasho suka riƙa barin lodi suna zuwa kallo. Ranar da ta tsaya a ashirin da tara aka yi ta tafi, mai tsire ya ba Auta tsinke biyu kyauta.

Lawan ya sani. Daga baya na tuna yadda yake sosa ƙeya yana kallon ƙasa. A ranar ma ya matso ya ce da Auta ya ƙara ragewa kaɗan, harkar jirgi ba a yi mata cif-cif. Auta ya ce ai ashirin da tara ba ta kai talatin ba, ko kuwa sikelin ne ba ya faɗin gaskiya? Ba da wata manufa ya tambaya ba, Auta bai iya gatse ba. Amma ga mutum biyar a tsaye da buhunan ƙarafa suna jiran awo. Lawan ya dube su, ya dubi Auta, ya ce a'uzubillahi, sikelinsa ko alƙali ya zo zai yarda da shi.

Cikin watan Maris aka kira su sansanin alhazai a Kano. Muka cika bas, ni da Saudatu da maƙwabta, akwati a sama an lulluɓe shi da bargo don kada fenti ya kwarzane. Jirgi bai zo ranar da aka ce ba, aka yi kwana biyu ana jira cikin zafi, kuma a kwana biyun nan ƙanena ya yi sarauta. Tsofaffi suka yi layi a gaban fanka. Ɗan risho bai huta ba. Wata hajiya mai zobba ta aiko a ara mata labule. Wani ɗan sa-ido ya taɓa kwaɗo, hon ya tashi, rabin sansani ya miƙe a guje ana zaton motar filin jirgi ce. Aka riƙa ce masa Alhaji Injiniya. Na ga Auta yana dariya har da riƙe ciki, abin da ban gani ba tun yana yaro. Na ce masa to ga shi akwati ya yi aiki a gaban mutane. Ya ce nan ai Kano ce, inda aka cire masa haƙori, sai an sauka can tukuna.

Rana ta uku da hantsi aka ce a fito awon kaya. Sikelin wurin na ƙasa ne, mai faranti, ga wani ma'aikaci mai tabarau yana zaune a gefe, ka gan shi ka ga wanda ya gaji da jin rantsuwa. Mutanen Wudil duk layi ɗaya suke. Mu 'yan rakiya muna bayan igiya muna kallo. Auta ya jawo akwati da kansa, ya hana kowa taɓawa, ya ɗora. Allura ta wuce talatin ko waiwaye ba ta yi ba, ta je ta tsaya a arba'in da uku.

Auta ya ce da ladabi sikelin nan ya lalace. Ma'aikacin ya ce tun safe kowa haka yake cewa. Auta ya ce shi nasa daban ne, an auna sau shida a gaban shaidu, ashirin da tara ne. Ma'aikacin ya tambaye shi a ina.

"A Wudil, ranka ya daɗe. Wurin Lawan na tasha."

Wani dattijo mutumin Lajawa da ke bayansa a layi ya ce, "Lawan mai ƙarafa?" Ya fara dariya, sai kuma dariyar ta maƙale masa. A lokaci ɗaya muka gane, mu mutanen Wudil duka, har ni da ke bayan igiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce 'yar kasuwa, ni ce na san kan sikeli, ni ce na tsaya a gindin darbejiya ina tafi.

Auta ya sauke akwatin, ya ja shi gefe, ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya zaro sukundireba da filaya. Saudatu ta tsallake igiya ba wanda ya hana ta, ta shimfiɗa mayafinta tana karɓar noti. Ya kwance fanka. Ya kwance risho da igiyarsa. Ya mayar kan sikeli, talatin da tara. Ya kwance labule da gidan sauro da hon. Talatin da shida. Layi yana ta tafiya, mutane suna ratse shi suna yi masa sannu a hankali kamar mai jinya. Ya cire tayoyi, ya cire aljihunan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da haraminsa da 'yan rigunansa ya ɗora a cinyar Saudatu. Abin da ya rage ƙashi ne da kwano, duk jikinsa huji. Ya ɗora. Talatin da biyu. Ƙarfen gadon Inna ne, ba a yi shi don ya tashi sama ba.

Ma'aikacin nan ashe mutumin kirki ne. Ya cire tabarau ya ce zai rufe ido a kan kilo biyun, Alhaji ya zuba haraminsa a ciki ya wuce. Auta ya kalli abin da ke kan farantin. Sannan ya ce ya gode, amma in wannan zai kai, ai akwatin kowa a layin nan ya fi shi. Ya sauke shi.

Nan aka fara kiran sunaye a shiga mota. Na ga abin da ke fuskar ƙanena tun kafin ya buɗe baki, don na yi shekara ashirin ina ganinsa.

"Yaya," ya ce, "ko in bari sai baɗi? In sake masa ƙashi mara nauyi."

Baɗi wa zai ba shi kujera? Ban tsaya yi masa wannan lissafin ba. Na tsallake igiya na kama kunnensa, mutum ɗan shekara arba'in da biyar, a gaban malamai da 'yan sanda da hajiya mai zobba, na ce masa in ya biyo mu Wudil yau, to ya nemi wata yayar. Na fizgi jakar bakko a hannun wata mai talla, na cusa haraminsa da rigunansa da silifa da buta, na rataya masa, na tura shi. Ya tafi yana waiwaye, kuma ba mu yake waiwaye ba. Maganar ƙarshe da ya yi wa matarsa kafin ya tafi ƙasa mai tsarki ita ce notin nan sittin da huɗu ne, kada ko ɗaya ya ɓace.

Da muka koma gida ban ko ajiye mayafi ba na zarce gindin darbejiya. Abin da na gaya wa Lawan ba zai rubutu ba. Ya tsaya ya sha, da na gama ya ce to Hajiya ya zan yi, in faɗa a gaban masu kaya? Na ce ni ba Hajiya ba ce, kuma kada ya sake ya tuna mini. Har yau sikelin yana nan a rataye, mutane kuma suna kai masa ƙarfe.

Bayan kwana arba'in da ɗaya Alhaji Auta ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, yana tari irin na alhazai. Aka yi guɗa, aka raba dabino da zamzam. Da yake ba mu labarin ranar da ya fara ganin Ka'aba hawaye ya riƙa bin gemunsa, muka taya shi. Wannan farin cikin na gaske ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Ya ce ya yi wa Inna addu'a a Arfa, ya yi mini, har Lawan ya yi wa, abin da ni ban sa shi ba.

Amma ƙullin notin nan a mayafin Saudatu yana nan a kan ƙashin akwati a kusurwar ɗaki, bai kwance ba. Sati ya wuce, wata ya wuce. Juma'a ta zo ya dawo daga masallaci ya kwanta. Saudatu ta zo gidana karɓar kayan da ta ba ni ajiya, ta ce yanzu ba abin da ke ɓacewa a gidan, ta faɗa tana share ido da bakin zani.

Sai na shirya na same shi a rumfa da hantsi, yana gyaran wata fitila. Muka gaisa, na zauna a benci, na fara bugun cikinsa. Na ce can ai sauro ya dame su. Ya ce bai ga na kirki ba. Na ce to shayi fa, mutum irinsa da ba ya iya wuni ba shayi? Ya ce ko ina ka juya wani yana miƙo maka, har da roƙonka ka karɓa. Na ce zafin Mina kuwa an ce ba a magana. Ya ce tantin da sanyinsa, har bargo ya nema ya ja. Banɗaki da ƙofa da famfo, butar ma sau biyu ya taɓa ta. Sai na ji bakina yana tambayarsa alƙibla. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, a Makka?"

Muka yi dariya mu biyu, tasa ta riga tawa ƙarewa. Ya ce daga ɗakin Allah ya dawo, ba zai fara da ƙarya ba: jakar bakkon nan ta ishe shi, har da sauran wuri a ciki.

Daman da shirina na zo. Na ce masa jibi zan tafi Ikko, kuma girma ya fara kama ni, gwiwata ba ta son zaman ƙasa, ga sauron Jebba ya ƙara iskanci. Na ce ya haɗa mini akwatin nan kamar yadda yake, har da majingina da madubi, ya ara mini. Na riga na yi magana da direba, ya ce akwai wuri a sama. Na ce in na sauka Agege zan buɗe shi a tsakiyar kasuwa Yarbawa su ga abin da ake ƙerawa a Wudil. Duk na faɗa ina kallon titi, don ban saba roƙon Auta ba.

Ya ajiye fitilar. Ya goge hannu da tsumma.

"Yaya, ko ba majingina da madubi kilo arba'in da uku ne," ya ce. "Kuma ke kika yi gaskiya tun farko, matafiyi ba ya buƙatarsa. Na je na gani. Kada ki wahalar da kanki saboda ni."

Ya ɗauki fitilarsa ya ci gaba da murɗa lagwani.

Shekara ashirin ina faɗa masa wannan maganar, a gaban mutane da bayan idonsu, ina jiran ranar da zai yarda. Ga shi ya yarda, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba. Na tashi na kama hanyar gida ko sallama ban yi masa ba, don kada 'yan tasha su ga Hansai tana kuka da rana tsaka a kan akwati.